Aljabara da Lissafin Kusurwa: Tarihin Kwas Ɗin Share Fagen Kalkulas

Gabatarwa

A yawancin kwalejoji da jami'o'in Amurka akwai wani kwas na lissafi da ɗalibi kan yi a shekararsa ta farko idan yana son karanta injiniyanci, ko kimiyya, ko tattalin arziki, amma bai kai ga shiga babban lissafin da ake kira kalkulas ba. Sunan kwas ɗin ma abin da yake nufi ke nan, wato share fagen kalkulas. Littattafansa masu kauri ne, kuma kusan tsarinsu ɗaya: kashin farko aljabara, kashi na biyu tirigonometiri, wato lissafin kusurwa da alwatika. Ɗalibin Najeriya kan gamu da waɗannan darussa a babbar sakandare da ajin farko na jami'a, na Nijar da Chadi kuwa a azuzuwan ƙarshe na lise kafin jarrabawar bakaloriya. A duk inda aka je ƙofa ce, wanda bai wuce ta ba sai ya canza fanni, komai son da yake yi wa aikin injiniya.

Wanda ya buɗe irin wannan littafi zai ɗauka cewa fannonin biyu tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su. Tarihi bai nuna haka ba. Aljabara ta girma a hannun masu rabon gado da masu awon gona da 'yan kasuwa, shi kuwa lissafin kusurwa masana falaki ne suka rene shi. Ba su zauna ƙarƙashin inuwa ɗaya ba sai a ƙarni na 18. Wannan maƙala za ta bi sawun tafiyar da kowanensu ya yi kafin su haɗu, kuma za ta fi mai da hankali ga kalmomi, domin ɗalibin harshe zai ga cewa wasu daga cikin kalmomin da ke firgita 'yan aji ɗaya suna da dangi na jini a cikin Hausar yau da kullum.

Ɗori da muƙabala

Tun kafin a san kalmar aljabara mutane suna warware matsalolin da a yau ake jingina mata. Marubutan Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun bar alluna na yumɓu da aka rubuta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗauke da tambayoyi irin wannan: an san girman fili, an san tsawonsa ya fi faɗinsa da kaza, a nemo tsawon da faɗin. A Masar ma wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafi wata takarda wajen 1550 kafin miladiyya, wadda ke cike da tambayoyi a kan wani adadi da ba a sani ba. Sai dai duk waɗannan misalai ne ɗaiɗai. Malami ya nuna yadda ake warware wannan, ya nuna yadda ake warware wancan, ɗalibi ya kwaikwaya.

Wanda ya tattara abin ya mai da shi fanni mai suna da ƙa'idoji shi ne Muhammad bn Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Wajen shekarar 820 ya rubuta wani taƙaitaccen littafi a kan lissafin al-jabr da al-muƙabala. Daga kalmar farko aka sami aljabara. Sunan mawallafin ma bai tsira ba, domin Turawa sun rubuta shi Algoritmi da Latinanci, daga nan kuma aka sami kalmar algoridim da masana kwamfuta ba sa rabuwa da ita.

Jabr a Larabci na nufin gyara abin da ya karye, ko cike abin da ya tauye. Ɗori ke nan da Hausa. Duk wanda ya karanta babin tsarki ya san shafa a kan jabira, wato karan ɗori ko ƙyallen da aka ɗaure karaya da shi, kuma tushen kalmomin ɗaya ne. A tsohon Sifaniyanci ma maɗori algebrista ake ce masa. To me ya haɗa ɗori da lissafi? Misali zai fi bayani saurin nunawa.

A ce mutum ya rasu ya bar shanu 40 da 'ya'ya maza uku, babu wani magaji bayansu. Ya yi wasiyya cewa a ba wani amininsa kwatankwacin rabon ɗa ɗaya, amma a rage masa ushirin dukiyar, wato shanu 4. Nawa kowa zai samu? Ba a san rabon ɗa ba, don haka sai a kira shi "abu". 'Ya'ya uku suna da abu uku, aminin yana da abu ɗaya ba shanu 4. Ke nan abu huɗu ba shanu 4 daidai yake da shanu 40. Ɓangaren farko tauyayye ne, an gutsure masa 4. Sai a ɗora shi, a mayar masa da huɗun nan, a ƙara wa ɗaya ɓangaren ma huɗu don kada ma'auni ya karkace. Abu huɗu ya zama daidai da 44, abu ɗaya 11 ke nan. Kowane ɗa ya ɗauki shanu 11, aminin ya ɗauki 7, kuma wasiyyar ba ta haura sulusi ba. Mayar da huɗun nan shi ne jabr. Muƙabala kuwa, kalmar da Bahaushe ya sani da ma'anar zaman gaba da gaba tsakanin malamai biyu, ita ce a jera ɓangarorin biyu suna fuskantar juna, duk abin da aka samu iri ɗaya a nan da can a soke shi.

Ba da gangan aka ɗauko misalin daga gado ba. Babban kashi na littafin al-Khawarizmi, wanda ya kusa rabinsa, a kan wasiyya da rabon gado yake, sauran kuma ya taɓo ciniki da awon ƙasa. Wato alƙali da magatakarda aka rubuta wa shi tun farko.

Abin da zai ba ɗalibin yau mamaki shi ne babu alama ko ɗaya a cikin littafin. Komai da zance aka rubuta, har lambobi. Abin da ba a sani ba shai'u ne, wato abu, ko kuma jizri, wato saiwa. Idan aka ninka shi da kansa ya zama malu, wato dukiya. Tsurar lamba kuwa dirhami ce. Abin da yau za a rubuta x² + 6x = 40, a wancan salo sai a ce dukiya ɗaya da saiwa shida sun yi daidai da dirhami arba'in. Hanyar warwarewa ita ce a raba shida biyu a sami 3, a ninka 3 da kanta a sami 9, a haɗa da 40 a sami 49, a nemo saiwarta wato 7, a cire ukun nan, saura 4. Al-Khawarizmi kan kafa hujjar wannan hanya da zanen murabba'i wanda aka ƙara wa fukafukai har ya rage wata kusurwa da za a cike, shi ya sa har gobe ake kiran babin cike murabba'i. Akwai amsa ta biyu, wato 10 ƙasa da sifiri, amma shi bai lissafa ta ba. Bai yarda da lamba mai ƙasa da sifiri ba, dalilin da ya sa ya kasa tambayoyinsa gida shida a inda littafin yau ke da ƙa'ida ɗaya tak. Wannan kuwa duk da cewa Brahmagupta na Indiya ya riga ya tsara ƙa'idojin sifiri da irin waɗannan lambobi tun 628, yana kiran su bashi.

Bayansa Abu Kamil na Masar da al-Karaji sun faɗaɗa fannin, Umar Khayyam kuma, wanda ya rasu a 1131, ya yi nazarin tambayoyin da abu ke ninkuwa sau uku.

Baka, tsirkiya da aljihu

Tarihin lissafin kusurwa daga sama ya faro. Masanin falaki ba ya iya miƙa igiya tsakanin taurari biyu, kusurwa kaɗai yake iya aunawa. Saboda haka yana buƙatar hanyar mai da kusurwa tsawo. Hanyar da Girkawa suka bi ita ce su zana da'ira, su yanki wani ɓangare na gefenta wanda ya lanƙwashe kamar baka, sannan su ja miƙaƙƙen layi tsakanin bakunansa biyu. Wannan layi tsirkiya ke nan. Idan aka san girman baka, nawa ne tsawon tsirkiyarsa? Ana jingina wa Hipparchus, a ƙarni na 2 kafin miladiyya, jadawalin farko na amsar wannan tambaya, amma nasa ya ɓace. Wanda ya iso hannu shi ne na Batlaimus na Iskandariya, wajen shekarar 150 miladiyya, a cikin littafin da Larabawa suka kira al-Majisɗi. Ya lissafa tsirkiyar kowane baka daga rabin digiri har zuwa digiri 180, yana hawa rabi-rabi.

Raba da'ira gida 360, da raba kowane digiri gida 60, gadon Babila ne, domin su da sittin-sittin suke ƙidaya. Larabawa suka kira kashin farko daƙiƙa, na biyu saniya. Turawa suka ce minti da sakan. Hausa ta ari minti daga Ingilishi ta kuma ari daƙiƙa daga Larabci, da kalmomin biyu suka yi karo a wuri ɗaya sai daƙiƙa ta sauka mataki guda, har ta zama a bakin mafi yawan masu magana a yau sakan take nufi.

Masanan Indiya ne suka lura cewa a yawancin lissafi rabin tsirkiya ake buƙata, don haka suka tsara jadawalinsu a kansa. Aryabhata ya ba da irin wannan jadawali a shekarar 499, mai gida 24, tsakanin kowane gida da na gaba digiri uku da minti 45. Da Sanskirit tsirkiya jya ce ko jiva. Rabin tsirkiyar nan shi ne abin da ɗalibi ke kira sain a yau.

Wajen shekarar 770, zamanin Halifa Mansur, ilimin falakin Indiya ya iso Bagadaza aka fassara shi. Masu fassara ba su fassara jiva ba, aron ta suka yi, suka ce jiba. A rubutun Larabci mara wasali haruffa uku ne: jim, ya, ba. Duk wanda ya taɓa fama da ajami mara wasali ya san abin da zai biyo baya. Jiba ba ta da ma'ana a Larabci, amma waɗannan haruffa uku su ne kuma ke rubuta jaib, wato wuyan riga ko ƙirjinta, inda ake cusa abu a ɓoye. Sai masu karatu suka riƙa cewa jaib. A ƙarni na 12, lokacin da ake juya littattafan Larabci zuwa Latinanci a Andalus, masu fassara suka ɗauki jaib da ma'anarta ta zahiri, suka sa kalmar sinus, wadda ke nufin lanƙwasar riga a ƙirji. Ita ce Faransanci ya riƙe yadda take, Ingilishi kuma ya gutsure ta.

Ita wannan al-jaib ta bi wata hanyar daban, ta ratso Sahara a bakin fatake da malamai, ta shigo Hausa ta zama aljifu, sannan aljihu, bisa musayar f da h da aka sani tsakanin kare-karen harshen. Ke nan sain na allon lissafi da aljihun rigar malamin da ke rubuta shi kalma ɗaya ce ta haife su, kuma kuskuren karatu ne ya haɗa su zumunci.

Malaman ƙasashen Musulmi suna da dalilai nasu na kula da wannan fanni. Na farko lokutan salla. Lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Dangantakar tsawon sanda da tsawon inuwarta ita ce abin da yau ake kira tanjan da kotanjan, Larabawa kuwa zillu suka ce, wato inuwa, kuma tun ƙarni na 9 Habash al-Hasib ya yi aiki da jadawalinta. Wasu kan raba sandar gida 12 su kira kowane gida yatsa, wasu kan raba ta gida bakwai su kira shi ƙafa, bisa ƙiyasin cewa tsayin mutum tafin ƙafarsa bakwai ne. Ladanin ƙauye da ke taka inuwarsa kafin ya kira salla wannan ma'auni yake amfani da shi.

Dalili na biyu alƙibla. Tun da ƙasa a dunƙule take, gano inda Makka take daga wani gari mai nisa yana buƙatar alwatikar da aka zana a bayan ƙwallo, wadda gefunanta bakuna ne. Wannan ya fi lissafin alwatikar takarda wuya nesa ba kusa ba, amma shi aka fara ƙwarewa a kai, saɓanin tsarin littafin yau. Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rasu a 998, ya yi aiki da dukkan dangantaka shida da ake koyarwa yanzu. Al-Biruni ya kammala wani littafi a 1025 wanda ya ƙare da gano alƙiblar birnin Gazna na Afganistan. Da irin lissafinsa za a ga cewa alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, ta Yamai kuwa wajen 72. Bahaushe kan ce mai salla ya kalli gabas, amma gabas ɗin ta ɗan karkata arewa da kimanin digiri ashirin.

Nasiruddin al-Ɗusi, wanda ya jagoranci ɗakin nazarin taurari na Maraga kuma ya rasu a 1274, ya rubuta littafin da ya tsayar da wannan lissafi da ƙafarsa, ba a matsayin gabatarwar falaki ba. Jamshid al-Kashi kuma, wanda ya rasu a Samarƙandi a 1429, ya lissafa sain na digiri ɗaya da daidaiton da aka daɗe ba a wuce shi ba. Ɗalibin da ya yi karatu da tsarin Faransa ya san sunansa, domin ƙa'idar da littattafan Ingilishi ke kira dokar kosain, a littattafan Faransa ƙa'idar al-Kashi ake ce mata.

Abin da ya ƙetaro Sahara

A Magrib da Andalus aljabara ta ɗauki kamanni biyu. Ibn al-Yasamin, wanda ya rasu a Marrakesh a 1204, ya ƙulla ƙa'idojinta cikin waƙa mai baitoci hamsin da 'yan kai don ɗalibai su haddace, aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi mata sharhi. A ɗaya gefen kuma malaman yankin sun fara taƙaita kalmomi zuwa haruffa. A rubuce-rubucen al-Ƙalasadi, wanda ya rasu a Tunisiya a 1486, harafin shin na tsaya wa shai'u, mim na tsaya wa malu, jim kuma saiwa. Akwai labarin da ya bazu cewa x na yau daga wannan shin ta samo asali ta hanyar Sifaniyanci. Labari ne mai daɗin ji a aji, amma babu rubutacciyar hujja da ta goyi bayansa.

Daga wannan yanki littattafai suka riƙa gangarowa Tumbutu da Agadas da Katsina da Kano da Barno. Abdurrahman al-Akhdari na Aljeriya, malamin ƙarni na 16 wanda kowane almajiri ya san littafinsa na ibada da sunan Ahalari, yana da wata waƙar mai suna al-Durratul Baida a kan lissafi da rabon gado. Alamar irin wannan karatu tana nan a cikin harshen. Sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, kason magada ne kafin su zama kalmomin kowa. Ashirin zuwa casa'in sun ture tsohuwar ƙidaya ta gomiya biyu, gomiya uku. Sifiri ma daga sifr take, kalmar da Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya rubuta zephirum a littafinsa na 1202, ta zama kalmar da Turawa ke kiran sifiri da ita.

Sanannen masanin lissafi daga ƙasar Hausa a wancan zamani shi ne Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya tafi aikin hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can wajen 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin masanin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi a kan wafaƙi, wato hatimin lambobi wanda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya yake bayarwa, inda ya bayyana hanyoyin gina masu gidaje mara, kamar uku-uku da biyar-biyar. Aiki ne na gwani, sai dai ya kamata a ajiye shi a muhallinsa. Wafaƙi ba aljabara ba ne, ba kuma lissafin kusurwa ba, kuma shi kansa mawallafin cikin ilimin asirai ya sanya shi. Wannan ma ya bar tabo a harshe, domin idan aka ce wane malamin hisabi ne, ba mai koyar da lissafi ake nufi ba.

Yadda suka haɗu

Robert na Chester ya fassara littafin al-Khawarizmi zuwa Latinanci a 1145. Daga nan aka shafe kusan shekara 500 kafin rubutun aljabara ya yi kama da na yau. Alamun tarawa da ɗebewa sun fara fitowa a bugu a Jamus a 1489. Robert Recorde ya ƙirƙiro layuka biyu na daidaito a 1557. François Viète, lauya Bafaranshe, ya kawo babban sauyi a 1591 da ya sa haruffa su tsaya wa abin da aka sani ma, ba wanda ake nema kaɗai ba. Da wannan ne aka iya rubuta ƙa'ida ɗaya da ta ƙunshi dubban tambayoyi. René Descartes a 1637 ya ware a, b, c ga sanannu, x, y, z ga waɗanda ake nema, ya kuma nuna yadda za a mai da jumlar lissafi zane, a mai da zane jumlar lissafi.

A ɓangaren kusurwa, Regiomontanus ya rubuta littafinsa a kan alwatika a 1464, aka buga shi a 1533. Kalmar tirigonometiri kanta sabuwa ce, Bartholomaeus Pitiscus ne ya sa ta a kan littafinsa na 1595, daga kalmomin Girkanci masu nufin awon alwatika. A 1614 John Napier na Sikotilan ya fito da logaridim, dabarar da ke mai da ninkawa tarawa. Littafin yau kan sa logaridim a kashin aljabara, amma jadawalin Napier na sain ne, don sauƙaƙa wa masana falaki da matuƙan jiragen ruwa ya yi shi.

Mutumin da ya ɗaura auren fannonin biyu shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan. Newton da Leibniz sun riga sun samar da kalkulas a ƙarshen ƙarni na 17, amma Euler ya lura cewa masu koyo suna tuntuɓe saboda suna tsallakawa daga ƙaramar aljabara kai tsaye zuwa cikinsa. Sai ya wallafa littafi mai juzu'i biyu a 1748 don cike wannan giɓi. Ginshiƙin littafin shi ne abin da ake kira fankishin, wato ƙa'idar da za a ba ta lamba ta mayar da wata lamba. A wannan mahanga, ninka abu da kansa fankishin ne, logaridim fankishin ne, sain ma haka. Sain ya tashi daga zama layi a cikin da'ira mai wani girma, ya koma lamba tsakanin ɗaya ƙasa da sifiri da ɗaya sama da shi, wadda ke hawa tana sauka ba iyaka. Wannan hawa da sauka ne ya sa daga baya aka iya bayyana sauti da haske da wutar lantarki da shi, abubuwan da babu alwatika ko ɗaya a cikinsu. Duk wanda ya gwada jerin babukan Euler da na littafin share fage na yau zai ga kamar uba da ɗa, shi ya sa masana tarihin lissafi da dama ke kiran sa littafin farko na wannan kwas.

Daga littafi zuwa aji

Shigar wannan ilimi cikin manhajar kwaleji a Amurka a hankali ta faru. Sai a 1820 Jami'ar Harvard ta fara neman aljabara daga masu son shiga. A tsawon ƙarni na 19 da farkon na 20, ɗalibin ajin farko kan yi aljabara da lissafin kusurwa a matsayin darussa daban-daban, kalkulas kuwa sai an yi nisa. Abin ya canza bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta shiga fargabar an bar ta a baya. Wani kwamitin lissafi na hukumar College Board ya ba da shawara a 1959 cewa a gina darasin ajin ƙarshe na sakandare a kan fankishin. Kalkulas ya sauko ajin farko na jami'a, darussan da ke zaune a wurin kuma aka matse su cikin kwas ɗaya. Ga wanda ya yi shi a sakandare, tsani ne. Ga wanda ya iso kwaleji bai yi ba, sau da yawa ya zama shinge, domin abin da aka gina cikin shekaru dubbai ake so ya haɗiye cikin mako goma sha biyar. A 2023 hukumar ta College Board ta ƙara shi cikin kwasa-kwasanta na matakin kwaleji da ake yi tun a sakandare.

Na'ura ma ta sake wa kwas ɗin fasali. Har zuwa shekarun 1970 babban aikin ɗalibi shi ne buɗe jadawali, ya nemo logaridim na sain, ya tara, ya koma ya nemo amsar. Waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC a da suna tune da ɗan littafin nan na jadawali mai lamba huɗu. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-35, kalkuletar aljihu ta farko mai maɓallin sain da logaridim, a kan dala 395. Cikin 'yan shekaru farashin irinta ya faɗi warwas, babukan jadawali suka ƙanƙance, zane ya mamaye gurbinsu. Amma ƙa'idojin rabin kusurwa da na haɗa kusurwa biyu, waɗanda ɗalibai ke haddacewa suna gunaguni, ba su tafi ba. Da irinsu Batlaimus ya gina jadawalinsa, kuma kalkulas na buƙatar su don wani dalili nasa daban, wanda ba kasafai ake gaya wa ɗalibi ba sai ya isa can.

Akwai aikin da ke jiran masu nazarin Hausa a nan. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma duk ranar da aka ce za a koyar da lissafin lise da ita, sai an yanke shawara a kan kowace kalma. Aljabara da sifiri da kusurwa da alwatika da da'ira sun riga sun zauna. Sain fa? Ana iya aron lafazin Ingilishi ko na Faransanci, sai dai ɗalibin Maraɗi da na Katsina za su tashi da kalmomi biyu. Ana iya bin Larabci, wanda har yau littattafan makarantunsa jaib suke cewa, kosain kuma jaibut tamam, tanjan zillu. Ana kuma iya komawa ga hoton da Indiyawa suka fara gani. Sinawa wannan hanya suka bi, kalmarsu ta sain an gina ta ne a kan harafin da ke nufin tsirkiya. Hausa na da baka da tsirkiya da inuwa, tana kuma da kibiya, sunan da Indiyawa da Larabawa da masu Latinanci duk suka ba ɗan layin da ke tashi daga tsakiyar tsirkiya ya taɓo bayan baka.